KO RUWA DA YAJI MA SAI AN RUBUTA?

A 'yan shekarun nan wata sabuwar al'ada ta shigo gidajenmu, kuma galibi ta ƙofar asibiti ta shigo. Baba ko Inna su je ganin likita, ko a Asibitin Barau Dikko ko can Shika ta Zariya, a auna su a ce hawan jini ne, ko ciwon sukari, ko kuwa ƙiba ce ta yi yawa. Bayan an rubuta magani sai a ƙara da cewa a sami ɗan littafi a riƙa rubuta duk abin da aka ci da wanda aka sha, daga karin kumallo har kwanciyar barci, a zo da shi ranar dawowa. To, da yake mu ne 'yan boko a gida, da an ba da hutu sai aikin ya faɗo kanmu.

Rubuta tuwo da shinkafa da burodi ba shi da wuya, kowa ya yarda abinci ne. Inda gardama take tashi shi ne wajen ƙananan abubuwa. Baba ya sha ruwa kofi biyu, a rubuta? Ya ɓantari goro, ya barbaɗa yaji, ya kurɓi shayi ba sukari, an yanka masa kokwamba, duk sai an ɓata takarda a kansu? Wasu su ce wannan ɓata lokaci ne, tun da abubuwan nan ba su sa ƙiba. Wasu kuwa su ce ai likita "duk" ya ce, saboda haka ko yawu ka haɗiya ka rubuta. Ni a ganina kowane ɓangare yana da rabin gaskiya, kuma ba za a raba gardamar ba sai an fara sanin abin da ake aunawa, da dalilin da ya sa ake auna shi.

Abin da masana ke aunawa a abinci shi ne ƙarfin da yake ba jiki, kamar yadda gawayi ke ba murhu zafi. Ma'aunin wannan ƙarfi shi ake kira kalori. Kalori ɗaya, irin wanda ake rubutawa a jikin kwalin abinci, shi ne yawan zafin da zai ɗaga ɗumin ruwa lita guda da digiri ɗaya. Wani masani ɗan Amurka mai suna Wilbur Atwater ne ya tsara lissafin da ake bi har yau, a ƙarshen ƙarni na 19. Ga yadda yake: giram ɗaya na abinci mai gari ko sukari yana ba da kalori 4, giram ɗaya na abin gina jiki irin na nama da wake shi ma 4, amma giram ɗaya na mai yana ba da 9. Ruwa da gishiri da kanwa ba su ba da ko ɗaya. A ƙiyasi, mace baliga tana bukatar wajen kalori 2,000 a yini, namiji kuwa wajen 2,500, gwargwadon girman jiki da irin aikin da mutum yake yi.

To, bari mu ɗora ƙananan abubuwan nan bisa sikeli mu gani. Kofin shayi tsura, ba madara ba sukari, bai wuce kalori 2 ba. Giram 100 na kokwamba ko latas kalori 15 ne, na tumatir 18, na kabeji 25, na kuɓewa 33. In mutum ya sha shayi tsura sau biyu, ya matse lemun tsami a ruwa, ya ci 'yan yanka na kokwamba da tumatir, ya barbaɗa barkono, da ƙyar jimlar ta kai kalori 50. Watau wajen kashi biyu cikin ɗari na abincin yini ke nan. Alhali kuwa babban cokali ɗaya na manja ko man gyaɗa kalori 120 ne. Sai mutum ya cinye kokwamba giram 800 kafin ya kamo cokalin man nan guda. Kuma wa ya taɓa ganin an auna mai da cokali a gidan Bahaushe? Kwalbar ake karkatawa, a tsiyaya har sai ido ya ce ya isa. Haka malmalar tuwo: ta wannan gida ta yi biyun ta wancan, amma a littafi duk "malmala ɗaya" za a rubuta. Kuskuren da ke cikin malmala da tsiyayar mai ya shanye lissafin kokwamba ya bar saura.

Saboda haka, in dai rage ƙiba kurum ake nema, masu cewa ɓata lokaci ne sun fi kusa da gaskiya. Akwai ma wani dalili da ya fi wannan ƙarfi. Littafin abinci ba ya amfani sai an dawwama a kansa. A 2008 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a Amurka kan mutum 1,685 masu neman rage nauyi cikin wata shida, aka ga waɗanda suke rubuta abincinsu kusan kullum sun zubar da nauyi ninki biyu na waɗanda ba su rubutawa. Abin da ya taimake su shi ne rashin fashi. Wanda kuwa aka ɗora wa rubuta kowane kurɓin ruwa da kowace ƙwayar barkono, kwana uku ya gaji ya jefa littafin ƙarƙashin katifa, an yi ba a yi ba ke nan.

Amma fa a yi hattara, domin nan ne Hausawa ke cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Abubuwa da yawa da muke kira "ba komai ba ne" suna ɗauke da kaya a ɓoye, sunansu ne kurum yake ruɗinmu.

Ɗauki shayi. In Bahaushe ya ce ya sha shayi, ba ruwan ganye yake nufi ba. Je ka teburin kowane mai shayi, daga nan Malali zuwa Unguwar Rimi, ka bi ta Badarawa har Kawo, ka tsaya ka ga yadda ake haɗi. Ƙwayar sukari ta kwali tana da wajen giram 5, watau kalori 20. In an jefa huɗu, 80 ke nan. A tsiyaya madarar gwangwani kamar cokali uku, ga wasu 60. Kofin da muka ce kalori 2 ne ya koma 140, tun ba a taɓa burodi da wainar ƙwai ba. Mai shan irin wannan safe da dare ya tara 280 a yini, a mako kuwa 1,960. Ashe a cikin kwana bakwai ya ƙara wa kansa abincin yini guda cur, kuma in ka tambaye shi zai rantse maka shi ba mai yawan ci ba ne, ɗan ruwan zafi kurum yake sha.

Haka zoɓo. Jiƙon zoɓo zalla kusan babu kalori a cikinsa, amma saboda tsaminsa ba a sayar da shi sai an zuba sukari da hannu biyu. Haka jiƙon tsamiya da na citta. Kunun aya kuwa ko ba sukari yana da nauyinsa, domin aya tana da mai, ga dabino ga kwakwa. Kwalbar lemo mai gas ta santilita 35 takan ɗauki sukari wajen cokalin shayi tara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi goma cikin ɗari na abincin yini, watau wajen giram 50 ko cokalin shayi 12 ga baligi, in ma an tsaya a cokali 6 ya fi. Kun ga kwalba ɗaya da kofin mai shayi ɗaya sun riga sun tsallake iyaka. Ba banza ba Gwamnatin Tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021.

Kwaɗon zogale ko na rama shi ma haka yake. Ganyen ba shi da nauyi, amma ba a cin kwaɗo sai da ƙuli-ƙuli da mai, gyaɗa kuwa giram 100 nata ya haura kalori 560. Yaji ma iri biyu ne: akwai na barkono da citta da masoro, akwai kuma yajin ƙuli irin na tsire, wanda rabinsa gyaɗa ce. Sa'an nan ga ɗanɗanon miya a bakin murhu, da ɗan ƙanzon da aka kankare a gindin tukunya, da lomar da aka cinye don kada ragowar yaro ta lalace. Iyayenmu mata sun san wannan sarai. Ba wanda yake ɗaukarsu abinci, amma ciki ba ya mantuwa ko da alƙalami ya manta. A 1992 wasu likitoci a birnin Niyok suka bi diddigin mutum goma da suka dage cewa suna cin abinci kaɗan amma sun kasa ramewa. Da aka auna su da na'ura sai aka tarar abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kashi 47 cikin ɗari. Ba lalle ƙarya suke yi da gangan ba. Ɗan wannan da ɗan wancan ne suke sulalewa ba a lura ba.

Ko abin da aka rubuta wa "sifiri" a jikin kwali a duba shi da kyau. Dokar Amurka ta yarda in abin da ake ci a karo ɗaya bai kai kalori 5 ba a rubuta sifiri, in sukarinsa bai kai rabin giram ba shi ma a rubuta sifiri. Shi ya sa 'yar alewar nan Tic Tac, wadda kusan dukkanta sukari ce, take fita can da shaidar babu sukari, don ƙwaya ɗaya ba ta kai rabin giram ba. Mai cinye kwali guda a zama ɗaya sai ya yi wa kansa lissafi.

Duk wannan maganar ƙiba ce. Amma yawancin iyayenmu da aka ce su riƙe littafi ba don ƙiba ba ne, don hawan jini ne ko ciwon zuciya ko na ƙoda. A nan lissafi ya juye gaba ɗaya, domin abubuwan da ba su da kalori ko ɗaya su ne likita ya fi son gani.

Na farkonsu gishiri. Abin da ke ɗaga jini a cikinsa wani sinadari ne da ake kira sodiyam, wanda yake riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru, zuciya ta riƙa turawa da ƙyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya tsaya ƙasa da giram 5 na gishiri a yini, watau bai cika cokalin shayi ɗaya ba, kuma wannan ya haɗa da wanda ke cikin burodi da kilishi da kifin gwangwani. Dunƙulen magi ɗaya kalorinsa bai taka kara ya karya ba, amma kusan rabinsa gishiri ne. A tukunya ɗaya sai a murje huɗu ko biyar, a ƙara gishiri, sa'an nan a kawo yaji wanda shi ma an daka shi da magi da gishiri. Ƙullin ɗanɗanon da ke cikin taliyar leda, wadda mu 'yan makaranta muka mai da ita abokiyar dare, shi ma gishiri ne ya fi yawa a ciki. In aka rubuta "tuwo da miyar kuka" aka yi shiru, an ɓoye wa likita abin da ya aiko a nemo. Ba ana nufin a daina gishiri sam ba ne. Tun 1993 aka wajabta sa sinadarin aidin a gishirin Nijeriya don maganin maƙoƙo, saboda haka ɗan kaɗan ɗin yana da amfaninsa.

Na biyu kanwa, kuma labarinta a nan kusa da mu ya faru. Kanwa, wadda fatake suka daɗe suna kawowa daga Barno da ƙasar Manga, ita ma sodiyam ce, ko da yake ba ta da ɗanɗanon gishiri sosai. Muna sa ta a wake don ya yi saurin nuna, a ɗanwake, a miyar kuɓewa don ta yi yauƙi. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka lura mata masu jego da yawa a Zariya suna zuwa da kumburin ƙafa da haki, zuciyarsu ta gaza. A rahoton da suka buga a 1978 sun bi bayanin mata 224. Da suka duba al'adar jego sai suka ga mai jego tana shan kunun kanwa kullum har kwana arba'in ko fiye, ga wankan tafasasshen ruwa, ga kwanciya bisa gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Suka yi hasashen cewa yawan kanwa da zafin nan su ne suke ɗora wa zuciya kayan da ya fi ƙarfinta. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye da abokan aikinsa suka yi a Kano ya nuna maganar ta fi haka faɗi, akwai hannun ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam, da rashin ƙoshi, da hawan jinin masu ciki. Ko ma dai yaya ne, abin lura a nan shi ne da likitocin farko kalori kurum suka lissafa, da gero za su gani a cikin kunun, kanwar ta wuce su ba su ko waiwaye ta ba.

Sai goro da shayi da gahawa. Dukkansu suna da sinadarin kafin, mai korar barci da sa bugun zuciya. Jiki yakan ɗauki wajen awa biyar kafin ya kawar da rabin abin da aka sha. Dattijon da ya ci goro bayan la'asar, ya ƙara wani bayan isha, sa'an nan ya kwana yana juyi, in an rubuta goron da lokacinsa, mako guda ya isa a gane inda gizo ke saƙa. Mu ma masu dafa shayi mai kauri don karatun dare lokacin jarrabawa, mu wayi gari muna gyangyaɗi a aji, ba sai an kira mana boka ba. Shayi yana da wani hali kuma: in an sha shi tare da abinci yana rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki ke tsotsa daga wake da ganye, shi kuwa sinadarin nan da shi ake yin jini. Wannan ya shafi 'yan mata da masu juna biyu ƙwarai. Maganin abin shi ne a ba da tazarar kamar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi, a kuma haɗa abincin da lemo ko gwaiba ko ɗanyen tumatir, don su taimakawa suke yi.

Zoɓo tsura ma ba ruwa ba ne kawai. A 2010 masana na Jami'ar Tufts ta Amurka suka ba mutum 65 gwaji na mako shida, waɗanda suka sha kofi uku na jiƙon zoɓo kullum awon jininsu na sama ya sauka da wajen maki 7. Labari ne mai daɗi, amma wanda yake kan maganin hawan jini ya kamata likitansa ya san yana sha, da yawan da yake sha. Haka duk wani jiƙo da saiwa da sassaƙe da maƙwabta ke kawowa don a gwada. Mutanenmu sukan ɓoye wannan don kunyar likita, alhali shi ne abin da ya fi cancanta a rubuta da manyan baƙaƙe. Masu shan lemon da aka zaƙaƙa da abin da ba sukari ba, su ma su rubuta. Gaskiya ne ba ya ɗaga sukarin jini kamar na ainihi, amma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a dogara da irin waɗannan don rage ƙiba, domin ba a ga sun yi wannan amfani ba in tafiya ta yi nisa.

Ruwa fa? Ga mai lafiya babu bukatar ƙirga kofi, ƙishirwa da launin fitsari sun ishe shi ma'auni: in ya yi ja kamar shayi, a ƙara sha, musamman cikin zafin Maris da Afrilu, da kuma hunturu lokacin da sanyi ke ɓoye ƙishi. Amma mai ciwon ƙoda ko gazawar zuciya wanda aka ƙayyade masa ruwa, wannan kowane kofi sai an rubuta, har da koko da romo da kankana. Mai ciwon sukari kuma in aka ga ya fara shan ruwa babu ƙaƙƙautawa, yana yawan fita fitsari da dare, alama ce sukarin ya hau, kada a jira ranar komawa asibiti.

Akwai wata magana da ta shafe mu ɗalibai, ba na so in tsallake ta. Yanzu wayoyi sun cika da manhajojin ƙirga kalori, har wasu 'yan'uwanmu, galibi mata amma har da maza, sun fara auna kowace loma suna jin tsoron abinci. Yawancin manhajojin nan ma ba su san tuwon dawa ko miyar kuka ko fate ba. Mai son adadin abincinmu na gaskiya sai ya nemi jadawalin abincin Afirka ta Yamma da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2012, ta sabunta a 2019. Amma wanda yake cikin tasowa, yana karatu yana wasan ƙwallo, sau da yawa ya fi mahaifinsa bukatar abinci. In ka ga abokinka ya kai ga rubuta kalorin cingam, yana gudun ɗakin cin abinci, yana ramewa yana cewa shi ƙato ne, wannan ba tsari ba ne, ciwo ne da likitoci suka sani, kuma yana kisa. A sanar da iyaye ko malamin ɗakin kwana tun da wuri. Littafin abinci na wanda likita ya sa ne, ba abin gasa ba ne.

Ga wanda aikin rubutun ya faɗo kansa a hutun nan, hanya mai sauƙi ita ce ya fara tambayar abin da likita yake nema, sa'an nan ya raba shafi gida uku: lokaci, abin da aka ci, da abin da aka ƙara masa. Gida na ukun nan shi ne na sukari ƙwaya nawa, madara cokali nawa, mai, magi, gishiri, kanwa, goro da jiƙo. Kokwamba da latas da sauran ganyen lambun bakin Kogin Kaduna a ambaci sunansu kurum ba sai an auna ba, don likita ya ga ana ci. A mako na farko a rubuta kome da kome har ruwa, don a ga hali, daga nan a zubar da abin da bai shafi ciwon ba. Magi da gishiri da mai kuwa, tun da tukunya ɗaya ake yi wa gida duka, sai a tambayi mai girki nawa ta sa, a raba da yawan masu ci. In dunƙule shida aka sa mutum shida suka ci, a rubuta wa Baba ɗaya, in ya yi ƙarin miya a rubuta ɗaya da rabi. Kuma a yi rubutun nan take kafin a ɗauke kwano, domin in aka bari sai dare, goron hantsi da shayin da aka sha a shagon aboki ba za su shiga littafi ba.